Garin da Na Aro wa Mutane

Tungarmu tana bayan Dauran, in ka saki hanyar Zurmi ka nausa daji. Sunan kakana ke kanta, don shi ya sare wurin. Gida tara ne lokacin da na yi wayo. Shekarun fari suka cinye ta. Rijiya ta ƙafe, dabbobi suka mutu, muka binne babana da ƙannena biyu a gindin wata tsamiya, sauran kowa ya kama gabansa. Ni na faɗo Kaura Namoda. Na yi dako a tashar jirgin ƙasa har wuyana ya daina juyawa sosai. Daga baya na samu babur na shiga kabu-kabu.

Da aka ba mu jihar Zamfara, aka ce mutum ya nemi takardar shaidar cewa shi ɗan jiha ne. Na je wani ofis. Akawu ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya bi wata doguwar takarda da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa sama.

"Babu wannan gari," in ji shi.

"Can aka haife ni."

"To an haife ka inda babu. In rubuta Dauran?"

Na ce a'a. Ya ce to in matsa, akwai mutane a baya. Na matsa. Ban karɓi takardar ba. Na sha yunwa a rayuwata, na sha duka, ban riƙe ko ɗaya ba. Wannan maganar ce ta zauna mini.

Bayan 'yan shekaru Shari'a ta zo, aka ce ɗan kabu-kabu ya daina ɗaukar mata. Ban yi gardama ba. Amma mata ne rabin cinikina: asibiti, suna, biki, gaisuwar mutuwa. Sai na koma wuni ƙarƙashin dalbejiya ina goge babur da ba ya da ƙura. Nan Malam ya same ni.

Malam tsohon malamin sakandare ne da ya koyar da labarin ƙasa har ya yi ritaya. Siriri ne, tabarau ɗinsa ɗaure da zare, kullum da wani ƙaton kundi a hammata. Ya ce yana neman mai babur da ya san daji kuma ba ya da surutu. 'Yan'uwana 'yan kabu-kabu suka nuna ni baki ɗaya. Aikinsa shi ne ya rubuta kowane gari da ƙauye da tunga na ƙasar Kaura da Shinkafi da Zurmi, don a cewarsa taswirar da ake da ita tun ta Turawa ce, rabinta ba daidai ba. Ba wanda ya sa shi. Da kuɗin fanshonsa yake zuba mai.

Ranar farko na gane abin da ya sa yake son marar surutu. Shi zai yi.

Akwai wani mutum da Malam ya ɗauka ubangida. Ya ce mutumin ya yi zamani a babban birnin Rumawa, Girkanci yake yi, ya zauna ya tattara sunayen garuruwan duniya bi da bi, kowane gari da ƙasar da yake, da abin da ake ce wa mutanensa. Tun daga Kaura har Kurya Madaro bakinsa na bayan kunnena yana ba ni labarin mutumin nan.

"Yana raye?" na tambaya.

"Haba Direba. Ya fi shekara dubu da mutuwa."

"To mi ya haɗa ku?"

"Aiki."

"Shi wa ya riƙa ɗaukar shi?"

Malam ya ce yawanci daga littattafan magabata ya tsinto, ba lallai ya taka wuraren ba. Na ce to ya fi mu wayo. Malam ya ce ai shi ya sa mu za mu fi shi, don mu sai mun gani da ido. Na tambaya ina littafin yake yanzu. Ya ce mafi yawansa ya ɓace, abin da ya iso hannun mutane wani ne ya taƙaita shi daga baya.

"Ya yi wahalar banza ke nan."

"Direba, duba hanya."

Malam yana da ƙa'ida. Ba ya rubuta wuri sai ya ga abu uku: hayaƙin girki, ruwan da ake sha, da rumbu mai hatsi a ciki. In ɗaya babu, ya rufe kundi. Mun sha fama. A wani ƙauye wajen Galadi suka ɗauka haraji ne, muna isa gari ya watse, muka tarar da kaji da wani kurma. A wani kuma labari ya riga mu cewa duk inda Malam ya rubuta gwamnati za ta haƙa famfo, suka yanka mana zakara, suka ce a rubuta su sau biyu. Wata ruga mun rubuta ta ranar Talata, muka dawo ta wurin bayan sati biyu sai kashin shanu. Malam ya tsaya ya daɗe yana kallon filin kamar an yi masa sata. Lokacin hanya lafiya lau take, ba abin da muke tsoro a daji sai ƙaya da yashi.

Mun kai wata uku a haka kafin na buɗe baki. Muna cin tsire ranar kasuwar Shinkafi na ce masa akwai wata tunga bayan Dauran. Na faɗi sunan. Ya buɗe kundi ya duba, ya ce ya ji labarinta wajen wani tsoho, an ce kufai ce.

"Ba na rubuta kufai, Direba."

"Mutane sun koma," na ce.

Ban shirya ƙaryar ba. Fitowa ta yi. Malam ya ce madalla, ran Asabar ta sama sai mu je. Kwana tara ke nan.

Na ce masa babur na son gyara, na nufi Zurmi. Manyanmu biyu suka rage. Akwai Baffa, ƙanen babana, yana tufka igiya yana sayarwa a kasuwa. Akwai Kawu, wan innata, yana gadin wani shagon hatsi. Tun tashinmu daga tunga ba sa ga maciji. Abin da ya haɗa su wata jaka ce da ta mutu a hanyar gudun fari, kuma har suka tsufa ba su daidaita kan wanda ya ɗora mata kaya fiye da ƙima ba. Na je wa kowa daban, ban gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo ba. Na ce wuni ɗaya kawai nake so, su zauna a tunga kamar ba su taɓa tashi ba.

Baffa ya ce, "Ƙarya za mu yi ke nan?"

Na ce, "Zama za ku yi. Zama ba ƙarya ba ne."

Ya yi tunani, ya ce a saya masa goro.

Sauran mutanen a tashar Kaura na samo su: 'yan dako shida da muka yi aiki tare, da 'yan kabu-kabu uku da za su taya ni jigila. Muka kwana huɗu muna aiki a kufai. Muka sare sabara, muka kafa bukkoki biyar, muka kewaye su da zana. Rumbun babana ɗaya bai faɗi ba, muka yi masa sabon jinka. Muka shiga rijiya muka yashe ta. Abin da ban zata ba, a ƙasa muka tarar da ruwa. Shekarun da muka yi ba mu nan, damina ta gyaru, ba wanda ya je ya duba. Na sha, na zauna a bakin rijiyar na ɗan jima. Sannan na tashi na je wata ruga na aro awaki bakwai.

Saura mata. Gari ba ya yiwuwa ba mata. Mota ba ta shiga wurin, babur kuma an hana. Na ce ba komai, ai baƙo ba ya ganin matan gida, jin su yake yi. Na aro turmi da taɓarya biyu a Dauran, na zaɓi 'yan dako biyu masu ƙarfi, na ce su shiga bayan zana, da sun ji ƙarar babur ɗina su fara daka, kada su tsaya, kada su yi magana. Hatsin rumbu kuwa, na samo damin gero biyu na ɗora a kan kara daga sama, yadda mai leƙe zai ga kamar cike yake.

Ranar Juma'a da la'asar aka kawo Baffa. Asabar da safe aka kawo Kawu. Ba na nan suka haɗu, na tafi ɗauko Malam. An ce mini dai ba wanda ya gaida wani. Kowa ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma.

Muka iso da hantsi. Hayaƙi na tashi, awaki na yawo, 'yan dako sun yi zaune da manyan riguna na aro. Ni kaina sai da na tsaya na sake dubawa, don wurin ya yi kama da da. Malam ya sauka, ya gyara tabarau, ya yi sallama, aka amsa. Aka kawo ruwa a ƙwarya ya sha, ya ce ruwan da daɗi. Ya buɗe kundi. Na ga biro a hannunsa. Na ce a raina an gama.

Sai ya ce, "Wane ne mai gari?"

Wannan tambayar yana yin ta ko'ina. Na ji ta ya fi sau ɗari. Ban san yadda aka yi na manta da ita ba.

Baffa da Kawu suka miƙe tare.

"Ni am mai gari," in ji Baffa. "Ubana ya sare wanga daji."

"Ubanka ya sare, da mi ya sha ruwa?" in ji Kawu. "Wa ya gina rijiya? Ubana na. Gari rijiya na, ba sassabe ba."

"Ubanka baƙo na, aure ya kawo shi."

"Baƙon da ya shayar da ku shekara talatin? Kai da ko jaka ba ka iya riƙo, kai za ka riƙe gari?"

"Kada ka sake ka ambaci jakar nan!"

"Na ambata. Allah ya jiƙanta, ta ga zalunci."

Na shiga tsakani na ce, "Baffa, Kawu, don Allah, ga baƙo." Baffa ya ce in yi shiru, ba a haife ni ba lokacin da ake maganar. 'Yan dako, da ba su san kowa ba a cikinsu, suka rabu biyu nan take, wasu na bayan Baffa wasu na bayan Kawu. Wani da aka haifa a Gusau yana rantsuwa cewa tun yana yaro ya san Kawu ne mai gari.

Na dubi Malam. Kansa a karkace yake, yana sauraren wani abu. Sai ni ma na ji.

Dakan ne. Na ba su turmi, na ba su taɓarya, ban ba su abin dakawa ba. Su ma ba su tambaya ba, don ba wanda ya taɓa daka a cikinsu. Turmin da ba komai a ciki ƙararsa daban ce, kowane ɗan ƙauye ya san ta tun yana goye: ƙwam, ƙwam, kamar ana fasa ƙofa. Kuma mata in suna daka su biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Waɗannan tare suke sauka, da ƙarfin ɗaukar buhu. Ƙasa har motsi take.

"Matan garin nan akwai ƙarfi," in ji Malam.

"Ruwan wurin ne," na ce.

Ya matsa kusa da zana, ya tsaya daga nesa yadda ya kamata, ya ɗaga murya ya ce, "A gaida mutanen ciki. Sannunku da aiki."

Daka ya tsaya. Shiru. Na roƙi Allah su yi shirun nan har mu tafi. Amma an gaishe su, kuma mutumin kirki ba ya ƙin amsa gaisuwa. Sai wata murya kamar ta bijimi, an matse ta iya matsewa, ta ce, "Yawwa, sannu Malam."

Ɗayan ya fashe da dariya, ya saki taɓarya ta faɗa wa na farko a ƙafa. Abin da ya fito daga bakinsa ba zan rubuta ba. Ya yi tsalle ya dafa zana, zana ta kwanta. Ga su nan su biyu, ba riga, gumi na zuba, da gemu, da turmi ya tsage biyu. Awaki suka firgita suka kama hanyar rugarsu a guje, ba wanda ya bi su.

Malam ya taka zuwa rumbu. Bai leƙa ba ma, sandar Kawu ya ara ya soka ta ƙasa. Kara ya ji. Ya mayar da sanda, ya yi godiya, ya rufe kundi.

Ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba.

"Direba, shaidar zur ce wannan. A wannan zamani kuma. Wata uku ina bayanka, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba, ko a kuɗin mai."

Ban ba shi haƙuri ba. Na ce ya biyo ni. Na kai shi bayan tsamiya na nuna masa duwatsu. Na ce nan babana, nan ƙanena, nan ƙanwata. Na gaya masa abin da akawu ya ce mini. Iyakar maganata ke nan.

Malam ya cire takalmi ya tsuguna ya yi musu addu'a mai tsawo. Da ya shafa, na ga idonsa ya yi ja. Na ce yanzu zai rubuta.

"Allah ya jiƙansu," ya ce. "Amma ba zan rubuta ba. In na sa ƙarya ɗaya, duk sauran sun zama abin shakka. Wanda zai karanta bayan ba mu, ba ya da hanyar tambayata."

Na so in bar shi nan ya taka da ƙafa har Kaura. Na ɗauke shi dai. Wannan ce tafiya ɗaya da bai ambaci mutuminsa na Rum ba.

Washegari na koma kwashe kaya da mutane. 'Yan dako sun riga sun tafi. Baffa da Kawu na gindin tsamiya, kowa kan buzunsa. Na ce, "Baffa, hau in kai ka."

"Kai shi tukuna."

Na ce, "Kawu, hau."

"In tahi in bar mashi gari? Wanda ya tashi ai ya sallama. Shi ya hwara tashi."

"Kawu, wane gari? Ni na kafa bukkokin nan ran Talata."

"Kai ka kahwa, amma bisa ƙasar wa?"

Na ce su hau tare, mu uku, a tashi lokaci ɗaya. Suka yarda da wannan, sai aka zo kan wanda zai fara ɗaga ƙafa daga ƙasa. Aka watse. Na bar musu garin kwaki da ƙuli-ƙuli na tafi, na ce yunwa za ta yi mini aikin.

Bayan kwana uku na dawo. Baffa ya yanko kaba yana tufka. Kawu ya gyara bakin rijiya ya sa mata murfi, kuma ya kafa doka cewa mai son ruwa sai ya yi masa sallama. Baffa ya ba ni saƙo zuwa Zurmi: matarsa ta taho, da tukwane. Kawu ya ji, ya ce a gaya wa 'ya'yansa maza biyu su taho da matansu. Na ce ni ba na ɗaukar mata. Suka zo a amalanken shanu, kwana biyu a hanya, suna zagina.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Kowannensu ya gane cewa mai gari da jama'a ake gane shi. Baffa ya aika wa duk wanda ya taɓa zama tungar ta wajen dangin uba, har da waɗanda suka tsallaka Nijar, cewa ga gona kyauta ga ruwa. Kawu ya yi haka ta nasa wajen. Wasu suka zo don gonar, wasu don su ga faɗan. Ruwan farko na sauka, Baffa ya fita da sungumi tun da asuba don kada Kawu ya riga shi shuka gonar kakana. Ya tarar Kawu ya riga ya kai tsakiya. Suka shuke ta su biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, gero da dawa a cakuɗe. Ƙasar ta huta shekara da shekaru, abin da aka jefa mata duk ta karɓa.

Masallaci biyu aka yi, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Liman ɗaya ne, wani bawan Allah da ya zo daga wajen Dauran, sai ya riƙa yin azahar a nan la'asar a can.

Ni da Malam muka ci gaba da aiki duk daminar. Bai sake ta da maganar ba, ni ma haka. A hankali mutumin Rum ya dawo bayan kunnena. Wata rana muna tura babur a cikin laka wajen Galadi na ce, "Shi mutumin naka, duk abin da ya rubuta gaskiya ne?" Ya ce masana sun kama shi da kurakurai. Na ce to. Ya ce, "Kuskure daban, turmi daban." Muka ci gaba da turi.

Da kaka ta yi, aka yanke gero, na ce masa, "Malam, mutane sun koma tunga."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ka aro wannan karon?"

"Ba kowa."

"Awaki nawa?"

"Nasu ne."

Sai da na yi sati ina bin sa. Ya ce zai je, amma ba zai faɗi rana ba. Wata Laraba muna kan hanyar Zurmi za mu wani wuri daban, ya taɓa kafaɗata ya ce, "Juya. Yau."

Rabin wuni ya yi a can. Ya sa aka buɗe masa rumbuna ɗaya bayan ɗaya, ya zura hannu har kafaɗa. Ya ja guga da kansa. Ya taɓa duwatsun murhu ya duba baƙin da suka yi. Ya ce a kira masa wata tsohuwa, matar Baffa ta fito da lulluɓi, ya tambaye ta tun yaushe take nan. Ta ce tun ranar da wancan ɗan banza ya ƙi ɗaukar ta a babur. Ta nuna ni. Malam ya ce ya gamsu.

Ya zauna a gindin tsamiya ya buɗe kundi. Bai tambayi mai gari ba. Ya koyi hankali. Sunan wuri ya tambaya. Kawu ya fara cewa ai tun da rijiya ce ta ta da garin, ya kamata a sake duba sunan. Baffa ya miƙe. Malam ya ce su zauna, ba sabon suna ya zo nema ba, wanda tsofaffin Dauran suka sani shi zai sa. Ya rubuta sunan kakana. Na tsaya a kansa har ya gama. Lokacin ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga yaƙi da jahilci. Na ce ya nuna mini inda yake. Ya sa yatsa. Gajere ne, bai kai rabin layi ba.

Sannan ya ce zai rubuta yawan gidaje. Aka fara lissafa masu gida. Da aka zo ƙarshe na ce, "Da ni."

Baffa ya ce, "Kai wa?"

"Ni, Baffa."

"Ina murhunka?"

Kawu ya ce, "Ina gonarka? Damina guda mun ga ka riƙe fartanya? Mutumin Kaura na, Malam. Zuwa yakai ya tahi."

"Gaskiya na," in ji Baffa. "Baƙo na. Kada a sa shi."

Tun mutuwar jakar nan ba a taɓa jin sun haɗu kan magana ɗaya ba sai ranar. Na dubi Malam. Ya ce, "Direba, ka san ƙa'ida." Ya rufe kundi, ba ni a ciki.

Na ce to a ba baƙo fura. Matar Baffa ta ce baƙon da ya bar ta a amalanke ya jira. Na jira. Da ta kawo, na sha, na tambayi Kawu inda zan kafa bukka in na zo da rani. Ya nuna mini wani fili kusa da masallacinsa. Baffa ya ce wannan wurin tururuwa ne, ga wuri mai kyau kusa da nasa. Na bar su suna yi, na je na ta da babur, don Malam yana son mu kai wata tunga kafin la'asar.